Allurar da ta kusa cinye mini faifan Baba

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da ya faɗo rabona shi ne garmahonsa da kwalin faifai: na Shata, na Ɗan Maraya, da ƙananan nan masu juyi 45 da yake sayowa in ya je Kano. Allurar ta mutu, sai na sa aka kawo mini sabon kan allura, na ɗaura shi da ido, na matse kusoshi biyu, na ce shi ke nan.

Farkon faifai lafiya lau. Amma da allura ta matso tsakiya, sai muryar Shata ta fara ƙarce-ƙarce, kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Na ɗauka tsufan faifai ne. Mako biyu ina ta kunnawa a haka.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Maradi ne ya dube shi ya ce, "Ɗana, kashe abin nan, kana ci wa faifan gefe." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ga yadda ya warware mini. Lokacin da ake yanka faifai, na'urar tana tafiya a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Shi kuwa hannun garmaho a ɗaure yake wuri guda, sai ya riƙa lanƙwasowa kamar baka. Saboda haka wuri biyu kaɗai allura ke zama daidai cikin layin faifai, sauran wurin duk akwai 'yar karkata. Aikinka shi ne ka zaɓi inda wuraren biyun nan za su faɗo, ana aunawa daga ƙusar tsakiya.

Lissafi uku aka fi sani. Na Baerwald, na 1941, yana sa su a milimita 66 da 120.9, ya raba karkatar tsakanin farko, tsakiya da ƙarshe. Na Löfgren B yana sa su a 70.3 da 116.6, tsakiyar faifai ta yi tsaf, amma ƙarshe ya ɗan sha wuya. Na Stevenson, na 1966, yana sa su a 60.3 da 117.4, don ya kare waƙar ƙarshe, inda layi ke matsewa kuma kuskure ya fi fitowa fili.

Na ce, "To Baba, wanne ya fi?" Ya ce, "Wane irin faifai gare ka?" Nawa waƙoƙi ne dogaye da ke kaiwa har kusa da takardar tsakiya, ga kuma ƙananan faifai da dukkansu can ciki suke. Sai muka ɗauki Stevenson. Wanda faifansa manya ne iri-iri, Baerwald ya ishe shi.

Muka buga takardar awon a wurin masu kwamfuta, muka tabbatar da rula cewa ba a rage girmanta ba. Muka sassauta kusoshi, muna turawa muna juyawa kaɗan-kaɗan, har allura ta zauna daidai a ɗigo biyun, sannan muka daidaita nauyi yadda masu allurar suka rubuta.

Sauti ya dawo, ban da faifai guda da na fi kunnawa. Ƙarshensa ya tafi ke nan, ba mai maido shi. Don haka duk mai irin wannan gado a ɗaki, don Allah a auna kafin a kunna. Allah ya jiƙan magabatanmu.