Tirelar Kwashe Sassabe: Tambayi Birki Kafin Ka Tambayi Tan

Ma'aikata da dama a cikinmu sun mallaki gonaki da lambuna a bayan gari, kuma ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 40, irin ta Kubota ko Mahindra, ta fara shiga hannunsu. Da an gama murnar garma, sai aikin da ba a sa shi a lissafi ba ya taso, wato kwashe sassabe. Rassan mangwaron da aka datse, ƙayar bagaruwa da magarya, karan dawar da ya rage bayan girbi, duk sai an fitar da su kafin ruwan shuka. A nan ake neman tirela, amalanken da tarakta ke ja, kuma tambayar farko da akan yi wa mai walda ita ce: tan nawa take ɗauka? A ganina ita ce ta ƙarshe da ta kamata a yi.

Ina da lambun mangwaro da gwaiba, kuma abin da sassabe ya koya mini shi ne cin wurinsa ya fi nauyinsa. Bodi yakan cika ya yi tozo tun tayoyi ba su ji an ɗora musu komai ba. Don haka na fifita shimfiɗa mai tsawo a kan akwati mai zurfi, da turakun ƙarfe a gefe waɗanda ake zarewa. Na kuma so ta yi ƙasa-ƙasa, domin mutane ne za su yi lodi da hannu, kuma kaya mai tsayi a kan bodi mai tsayi saurin kifewa gare shi. Faɗinta kada ya wuce na taraktar sosai, don ta ratsa tsakanin bishiyoyi. Tayoyi kuwa masu kauri ake nema, domin ƙaya ba ta raga wa tsohuwar tayar mota.

Sai saukewa. Tirela mai juye kaya irin ta tifa tana burgewa, amma tana buƙatar mahaɗin haidirolik a bayan tarakta, wanda ƙanana da yawa ba sa zuwa da shi. Ko da akwai, rassa sukan sarƙe su maƙale a bango, ba sa zubowa kamar yashi ko taki. Dabarar da ta fi mini sauƙi ita ce a shimfiɗa igiya mai ƙarfi a kan bodin kafin lodi. In an isa, a zagaye kayan da ita, a ɗaure a jikin kututture, a ja gaba a hankali, tarin ya sulale ƙasa gaba ɗaya.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne tsayawa. Ƙaramar tarakta tana iya jan abin da ba za ta iya tsayarwa ba. Nauyinta bai cika wuce kilo 1,000 zuwa 1,500 ba, birkinta kuma a tayoyin baya yake. A gangare, tirela mai nauyi takan tunkuɗe ta har ta karkace. Ƙa'idar da masu ƙera tarakta suka saba bayarwa ita ce, tirelar da ba ta da birkin kanta, ita da kayanta kada su wuce nauyin taraktar sau ɗaya da rabi. Mai taraktar kilo 1,200 ke nan iyakarsa kilo 1,800, kuma nauyin ƙarfen tirelar yana ciki. Ɗanyun gungume kaɗan a ƙarƙashin rassa sun isa su cinye ragowar.

Wurin maƙalawa ma batun rai ne. Akwai ƙarfen ja da aka yi ƙasa da tsakiyar tayoyin baya, kuma a nan kaɗai ake haɗa tirela. In aka ɗaura ta sama da nan, tirelar ta cije a rami, gaban taraktar yakan ɗaga ta kife ta baya a kan direba cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Haka nan a jera gungume masu nauyi daidai kan tayoyin tirela da ɗan gabansu, don wani ɓangare na nauyin ya danne ƙarfen ja. In nauyi ya taru a baya, zai ɗage bayan taraktar ya rage wa birki kamu.

Tirelar da na tsaya a kanta mai taya biyu ce, tsawonta mita uku, ba ta juyewa. Nakan yi sawu biyar a inda babba za ta yi uku, man da nake ƙonawa ya fi yawa, na kuma yarda da wannan farashi. Sharuɗɗan da na kafa wa direba uku ne: a haɗe fedojin birkin biyu kafin a hau hanya, a sauka gangare da giyar da za a hau shi da ita, kuma kada yaro ko ɗan ƙodago ya zauna a saman kaya.