Wacce Ta Fi Wuya, P Ko FM?

Jama'a, akwai wata sana'a da 'ya'yanmu na zango suka fara leƙawa, wadda yawancin iyaye ko sunanta ba su sani ba. Turawa suna ce wa mai yin ta akcuwari, wato mai lissafin inshora da fansho. Shi ne wanda zai zauna ya auna nawa ya kamata ma'aikaci ya riƙa zubawa yau, domin asusu irin na SSNIT ya iya biyansa ranar da tsufa ya zo. Jami'ar KNUST ta Kumasi tana koyar da wannan fanni, amma digiri kaɗai ba ya mai da mutum cikakken akcuwari. Sai ya haye jarrabawoyin ƙungiyar masu sana'ar, kamar ta Ingila wadda ta samo asali a Landan a 1848, ko ta Amurka da ake kira SOA, wadda aka kafa a 1949.

A tsarin Amurka, jarrabawa biyu ake fara karawa da su, ɗaya P ɗaya FM. Mu malaman makaranta, tambayar da tsofaffin ɗalibanmu da iyayensu suka fi kawo mana ita ce, wacce ta fi sauƙi a fara da ita? Tambayar tana da dalili, domin da dala ake biyan kuɗin rajista, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Gidan da aka yi karo-karo aka tara kuɗin, ba kowane lokaci ake iya tarawa karo na biyu ba.

To, abin da muka fahimta shi ne wuyarsu ba iri ɗaya ba ce. P jarrabawar lissafin yiwuwa ce, tambaya 30 cikin awa 3, kuma tana bukatar kalkulas. Wuyarta tana bakin ƙofa. Ga ɗan misali. Mutum yana da babur biyu, kowanne yana kan hanyarsa dabam, kuma yiwuwar kowanne ya yi haɗari a shekara ita ce 1 cikin 10. Mene ne yiwuwar aƙalla ɗaya ya yi haɗari? Mai gaggawa zai ce 20 cikin 100, alhali amsar 19 ce, domin ya ƙirga shekarar da duka biyun suka yi haɗari sau biyu. Haka P take. Idan yaro bai gane abin da ake tambaya ba, haddar ƙa'idoji ba za ta cece shi ba.

FM kuwa lissafin kuɗi ce, wato kuɗin ruwa, bashi, da biya kashi-kashi. Tana karɓar baƙo da fara'a, domin duk wanda ya gama sakandare ya san sidi 1,000 a kan ruwa 10 cikin 100 zai zama 1,210 bayan shekara biyu. Amma tarkonta yana ciki. Tambaya 30 ce cikin awa biyu da rabi, wato minti 5 ga kowacce, ba 6 ba kamar na P. Kalma ɗaya, ko a farkon wata ake biya ko a ƙarshensa, tana sauya amsa gaba ɗaya. Wanda hannunsa bai saba da kalkuletar da aka yarda a shiga da ita ba, lokaci zai ƙare masa yana lalube.

Saboda haka muke cewa, yaron da kalkulas bai huce a kansa ba, ya fara da P tun da zafinsa. Wanda ya fi ƙarfi wajen natsuwa da saurin hannu, ya fara da FM. Amma duka biyun suna da wata wuya ta uku da ta fi damun yaranmu, wato Turanci. Tambayoyin labari ne ake ba ka, kai za ka tsamo lissafin daga ciki. Mun sha ganin yaro gwanin lissafi ya tsaya cak a kan jimla, ba a kan lamba ba.

Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi, cewa kowace awa ɗaya ta jarrabawa tana son karatun awa 100. Ke nan P tana son kamar awa 300. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon iyaye kada a biya rajista sai yaro ya gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, ya ga yana hayewa. A rage masa aike da zaman shago a watannin shiri. Idan kuma ya faɗi, kada a mai da shi abin gori a gida, domin da yawa daga manyan sana'ar sun taɓa maimaitawa.

Allah ya buɗa wa yaranmu basira, ya kuma ba iyaye haƙurin jira. Amin.