Ɗalibin jinya a Gurugu da neman madogarar da za a amince da ita

Gurugu unguwa ce a gefen birnin Tamale, a yankin Sagnarigu na arewacin Ghana, kuma ɗalibin aikin jinya da ke zaune a cikinta bai yi nisa da wuraren da ake koyon wannan sana'a ba, domin Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da UDS kuma aka kafa a 1992, tana koyar da aikin jinya da ungozomanci, Asibitin Koyarwa na Tamale kuma shi ne inda ɗalibai da yawa ke fara tsayuwa a gefen gadon majinyaci. Duk da wannan kusanci, idan lokacin rubuta nazarin kula da majinyaci ya zo, wato rahoton da ɗalibi ke rubutawa yana bin mara lafiya guda da iyalinsa tun daga kwantar da shi har bayan sallama, sai a ga yawancinsu sun koma kan abubuwa uku: kwafin darasin malami, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ɗaliban Ghana ke kira fasko, da littattafan da ake turawa daga waya zuwa waya ta WhatsApp ba tare da shafin farko ba.

Shafin farkon nan da ake yankewa shi ne ya fi komai muhimmanci, domin a cikinsa ne shekarar bugu take, kuma a ilimin lafiya shekarar bugu tana iya raba magani da kuskure. Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali. Ghana ta daina dogaro da kulorakwin a matsayin maganin farko a 2004, ta koma haɗin magunguna masu ɗauke da sinadarin atimisinin. Bayan haka, binciken AQUAMAT da aka buga a mujallar Lancet a 2010, wanda ya ƙunshi yara fiye da 5,400 a ƙasashen Afirka tara har da Ghana, ya nuna cewa allurar atesunet ta rage mutuwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da kwinin, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta game da zazzaɓi mai tsanani a yara. Haka ma awon ciki: tsarin zuwa sau huɗu ya daɗe a littattafai, amma tun 2016 hukumar ta ba da shawarar haɗuwa takwas tsakanin mai juna biyu da ma'aikatan lafiya. Littafin da aka buga kafin waɗannan shekaru bai yi ƙarya ba a zamaninsa, sai dai ɗalibin da ya kwafe shi yau ya rubuta abin da aka riga aka wuce.

Wannan ba ya nufin a watsar da manyan littattafai. Littafin Ross da Wilson kan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi, da na Brunner da Suddarth kan jinyar cututtuka da tiyata, da na Myles na ungozomomi wanda ya fara fitowa a 1953, su ne ke gina fahimta, kuma tsohon bugu kan ƙirar jiki yana amfani har yanzu, tun da ɗakunan zuciya huɗu ba su ƙaru ba. Matsalar tana farawa ne inda aka nemi littafi ya yi aikin da ba nasa ba. An rubuta waɗannan littattafai ne don asibitocin Birtaniya da Amurka, inda ba a jiran sanƙarau da zafin bazara, kuma ba a raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi a watannin damina kamar yadda ake yi a arewacin Ghana. Saboda haka abin da ke hukunci a gefen gado shi ne Ƙa'idojin Magani na Ƙasa da Ma'aikatar Lafiya ke fitarwa, waɗanda bugunsu na bakwai ya fito a 2017, tare da jerin muhimman magunguna da ke rakiyarsu. Shi kuwa abin da za a tambaya a jarrabawar lasisi, Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Ghana ce ke tsara shi a manhajarta. Ɗalibin da ya san waɗannan matakai ya san cewa littafi yana bayyana dalili, ƙa'idar ƙasa tana faɗin abin yi, mujalla kuma tana nuna inda ake jayayya.

A fannin mujallu, kayan aikin da ya fi sauƙin samu shi ne PubMed, rumbun bayanai na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, wanda aka buɗe wa kowa kyauta tun 1997, kuma wayar hannu ta isa a shiga shi. Rumbun bayanai a nan yana nufin ma'ajiyar da ke tattara sunayen maƙaloli da taƙaitaccen bayaninsu, ba lallai da cikakken rubutun ba, wanda shi ya sa ɗalibai ke yawan cin karo da shafin da ke neman dala talatin ko fiye kafin a karanta maƙala guda. Akwai hanyoyin halal na kauce wa wannan shinge. PubMed Central yana ɗauke da cikakkun maƙaloli kyauta. Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i, yana buɗe dubban mujallu ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda suka yi rajista. Ƙungiyar CARLIGH kuma tana haɗa kuɗin ɗakunan karatu na jami'o'i da cibiyoyin bincike na Ghana domin su yi rajistar rumbuna tare. Ƙofofi biyun ƙarshe mabuɗinsu yana hannun ma'aikacin laburare, mutumin da ɗalibai da dama ke ɗauka mai gadin shiru ne kawai. CINAHL, rumbun da ya keɓanta da aikin jinya, sai da kuɗin rajista, don haka tambayar ko makaranta tana da shi tambaya ce da ake yi a teburin laburare, ba a dandalin ajin ba.

Shi kansa neman yana da ƙa'ida. Wanda ya rubuta doguwar jimla a akwatin bincike zai sami dubban sakamako marasa kan gado, alhali idan ya rarraba tambayarsa gida huɗu bisa tsarin da ake kira PICO, wato wane majinyaci, wane mataki, a kwatanta da me, kuma wane sakamako ake nema, sai kalmomin nema su fito da kansu. Ɗalibar da ke son sanin ko rungumar jariri bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, tana rage mutuwa, za ta haɗa kalmar bakwaini da sunan wannan hanya ta amfani da kalmar Turanci AND, ta faɗaɗa da OR idan abu yana da suna biyu, sannan ta taƙaita shekaru. Idan ta sami nazarin Cochrane a kan batun, wato bitar da ke tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi ta auna ingancinsu, ya fi mata maƙaloli goma da aka tsinto ɗaiɗai. Sai kuma hattara da mujallun ƙarya masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba tare da masana sun duba ba; shafin bincike na Google Scholar ba ya tace su, kuma sun shiga jerin madogarar ɗalibai fiye da yadda malamai ke so su amince.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi shi ne na gida, alhali arewacin Ghana yana cikin yankunan Afirka da aka yi wa bincike mai zurfi. A Navrongo aka yi gwajin da ya nuna a 1993 cewa ba yara sinadarin bitamin A yana rage mutuwarsu, a can kuma aka gwada gidan sauro mai magani, daga can ne kuma tsarin CHPS, wanda ke kai ma'aikaciyar jinya ta zauna cikin al'umma maimakon ta jira a asibiti, ya samo asali kafin ya zama manufar ƙasa. Ɗalibin da ya buɗe babin bitar rubuce-rubuce da alƙaluman Amurka ya tsallake Navrongo ya bar jaki yana dukan taiki. Alƙaluman haihuwa, rigakafi da tamowa na kowane yanki suna cikin Binciken Al'umma da Lafiya na Ghana na 2022, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar kuma ana sauke shi kyauta. Mujallar Ghana Medical Journal a buɗe take ga kowa, shafin AJOL yana tattara ɗaruruwan mujallun Afirka waɗanda da yawansu ba sa cikin PubMed, ma'ajiyar UDSspace kuma tana ɗauke da kundayen digiri da aka rubuta kan asibitoci da unguwannin Tamale kanta. Kundin digiri bai kai maƙalar da masana suka tantance ƙarfi ba, kuma kwafe shi satar fasaha ce da ke iya jawo soke aiki, amma jerin madogarar da ke ƙarshensa da takardar tambayoyin da aka riga aka gwada a kan mutanen yankin suna rage wa mai farawa wahala sosai.

Saura batun wuta da kuɗin data, waɗanda ba su da magani a littafi. Dabarar da ta fi aiki ita ce a yi nema da saukewa a lokacin da ake cikin harabar makaranta, a ajiye kowace maƙala nan take a manhaja irin Zotero, wadda kyauta ce kuma tana riƙe sunan marubuci, shekara, mujalla da shafi, sannan a yi karatun a gida ko da intanet ta ɗauke. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ɗalibai suka runguma suna iya ƙago sunan maƙalar da babu ita, da marubuci da shekara cif, don haka duk madogarar da suka bayar sai an nemo ta a PubMed ko a shafin mujallar an ga tana nan kafin ta shiga kundi.