Pilates: motsa jikin da ya faro a sansanin tsare Jamusawa

A yau da an ce Pilates, sai ran mutum ya tafi ga ɗakunan motsa jiki na masu hannu da shuni da na'urorinsu masu tsada. Amma abin ba cikin daula ya faro ba.

Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883 a garin Mönchengladbach. Ya taso da ciwon asma da raunin jiki, sai ya duƙufa wajen gina kansa har ya zama ɗan dambe. Yana zaune a Ingila Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka kama Jamusawan da ke ƙasar, shi ma daga baya aka kai shi sansanin Knockaloe a tsibirin Man. A can, cikin dubban mazan da zaman wuri ɗaya ke kashe wa jiki, ya riƙa tara 'yan'uwansa yana koya musu atisaye a dandaryar ƙasa.

Bayan yaƙi ya tafi Amurka, shi da abokiyar zamansa Clara suka buɗe wurin horarwa a New York. Masu rawa ne suka fara yi masa tururuwa, domin raunin gwiwa da ciwon baya abokan sana'arsu ne. Shi da kansa Contrology yake kiran hanyar, wato sarrafa jiki da hankali. A littafinsa na 1945 ya zayyana motsi 34 da ake yi a kan tabarma.

Tushen koyarwar shi ne tsakiyar jiki: tsokokin ciki, ƙugu da gadon baya. Daga nan kowane motsi ke tashi, hannu da ƙafa su biyo baya. Ɗauki motsin da ake kira Ɗari. Mutum zai kwanta rigingine, ya ɗaga kai da ƙafafu, ya matse ciki, yana kaɗa hannuwa sama da ƙasa. Bugu biyar yana jan numfashi, bugu biyar yana fitarwa, har ɗari ta cika. Da hankali ya tafi wani wuri, baya zai banƙare, wuya ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Shi ya sa Pilates ya fi son motsi kaɗan mai kyau a kan mai yawa na garaje, kuma a nan ne hanyar ta cancanci yabo.

Ƙa'idoji shida da ake yawan lissafawa, irin su natsuwa da numfashi, mabiyansa ne suka tsara su bayan rasuwarsa a 1967.

Bincike ya nuna atisayen Pilates yana rage ciwon baya, ko da yake ba a tabbatar ya zarce sauran nau'o'in motsa jiki ba. Mai son gwadawa tabarma ta ishe shi. Mai juna biyu ko mai tsohon ciwon baya kuwa, don Allah ya fara ganin likita.