Duhun Da Ke Tsakanin Birni Da Waje

Mu da muka tashi a Kano mun san garin ba dunƙule yake ba. Akwai Birni, wanda aka soma kewaye shi da badala tun zamanin Sarki Gijimasu. Akwai Fagge, zangon fatake. Akwai Sabon Gari da Turawa suka yanka wa baƙi wajen 1913. Tsakanin kowane da ɗan'uwansa an bar fili, ko kududdufi, ko maƙabarta, ko gindin ganuwa. Da rana ba ruwan kowa da waɗannan wurare. Sai almuru ta yi mutum ke gane ba su da mai su.

To, an sa fitilu, ba mu musa ba. Amma wa aka sa wa? Dogon ƙarfe ne a tsakiyar titi, ya sunkuyar da kai kan kwalta, yana haska wa mai mota, wanda da ma yana da nasa biyu. Ɗan dakon da ya tashi daga Kantin Kwari, zai bi ta Filin Idi ya shiga Ƙofar Mata da ƙafa, shi a gefe yake tafiya, bayan shaguna, bakin kwata. Abin takaicin ma, haske mai ƙarfi kashe masa ido yake yi. Ido kan ɗauki minti 20 ko fiye kafin ya saba da duhu sosai. Saboda haka wanda ya fito daga ƙarƙashin farar fitila ya faɗa lungu, makaho ne na ɗan lokaci, alhali mai jiransa a ciki yana ganinsa sarai. Gara gajerun fitilu masu sanyin haske, kusa da kusa, waɗanda za su nuna maka fuskar mai tahowa da ramin da ke gabanka.

Na sola kuwa, in ƙurar hunturu ta lulluɓe farantinsu, kafin asuba batir ya mutu, daidai lokacin da dattawa ke laluben hanyar masallaci.

Waɗanda suka daɗe suna riƙe mana waɗannan wurare su ne mai shayi da mai tsire. Aci-balbal ɗinsu ba ta kai ko'ina ba, amma akwai mutum zaune a bayanta, kuma ya san 'yan unguwa. Ran da aka tashe su da sunan gyaran gari, ranar mata ke daina bin hanyar.

Mu marubuta ma tsallake wurin muke yi. Ku duba littattafanmu na soyayya: saurayi ya yi sallama da budurwa a Gwammaja, shafi na gaba sai ga shi kwance a ɗakinsa a Fagge.