Shirun Shata Tsakanin Amshi da Amshi

A garin Ƙofa, idan dattawa suka shiga hirar Mamman Shata bayan la'asar, abin da suka fi maimaitawa shi ne ba ya zama ya tsara waƙa, a filin wasa take zo masa. Mutumin Musawa ne, nan kusa da Kankiya, shi ya sa suke maganarsa kamar ta maƙwabci, ko da yake ya rasu tun 1999. Wasu ma da aljanu suke danganta yadda waƙar ke zo masa.

Ni dai in na saurari tsofaffin kaset-kaset ɗinsa, wurin da ya yi shiru nake kasa wa kunne. 'Yan amshi na rerawa, kalangai na tafiya, shi kuwa 'yan daƙiƙoƙi gare shi kafin ya sake shiga. A ganina nan aikin yake. Yana jin abin da bakinsa ya furta yanzu, yana auna ko ya hau kiɗan, yana lura da inda tunaninsa ya dosa ba tare da ya tare masa hanya ba. Da ya cika tuhumar kansa, da harshen ya sarƙe. Sau da yawa za ka ji ya dawo da ɗango guda, ya sauya kalma ɗaya, sannan ya wuce.