Sunaye Biyu a Bangon Oksfod

A babban titin Oksfod, jikin bangon kwalejin University, akwai wani allo da mai sauri zai wuce bai lura ba. Ni dai ya tsayar da ni. A wannan fili Robert Boyle ya zauna daga 1655 zuwa 1668, a nan kuma ya tabbatar da dokar iskar nan da muka haddace a sakandare ba mu san ko wane ne mai sunan ba. Abin da ya ratsa ni, ba sunansa kaɗai aka rubuta ba. Har da na mataimakinsa Robert Hooke, wanda ya ƙera masa famfon zuƙe iska.

Gwajin nasu ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Bututun gilashi ne mai lanƙwasa, gajeren ɓangaren a toshe, ana ɗura zaiba ta dogon. Iskar da ta maƙale ciki sai ta riƙa takurewa: a ninka mata danniya, wurin da take ci ya koma rabi. Duk yaron da ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya ji wannan doka a hannunsa.

Boyle ɗan sarauta ne mai dukiya, da ya so da ya haɗiye komai. Amma da ya buga sakamakon a 1662 sai ya ambaci Richard Towneley, mutumin Lancashire, wanda shi da wani likita Henry Power suka hau tsaunin Pendle a 1661 suna auna iska, suka fara hango dangantakar. Mu da muka taso a zaurukan Yakasai, inda ake karanta hadisi da isnadinsa, wane daga wane, mun san nauyin wannan amana, kuma wallahi na ji daɗin tarar da ita a nan.

Ba kullum rabon ke tafiya daidai ba. Power bai samu kaso a sunan dokar ba, Faransawa kuwa sukan haɗa ta da Edme Mariotte, nasu mutumin, da ya gano ta daga baya. Sai dai a Faransar ne Gay-Lussac, da ya nuna a 1802 yadda zafi ke kumbura iska, ya faɗa da bakinsa cewa Jacques Charles ya riga shi tun wajen 1787. Charles bai buga aikin ba, amma da sunansa ɗalibai a Kano ke rubuta wannan doka ta zafi a jarrabawa.